Malamin da ke Tsakiya: Koyar da Juyin Halitta da Sauyin Yanayi a Makarantun Sakandare

Tsakure

Maƙalar nan ta bi tarihin ja-in-jar da aka shekara ɗari ana yi a Amurka a kan koyar da juyin halitta, da yadda sauyin yanayi ya faɗo cikin rigimar daga baya. Ta dogara da binciken da aka yi a kan malaman ƙasar don nuna cewa malamin da ke kauce wa darasin, ko yake surka shi, zai iya fin mai inkari yi wa ɗalibi ɓarna. Daga nan ta juyo kan makarantunmu, inda hujjojin fannonin biyu suke a bakin ƙofa: cutar sikila, maganin kulorokwin, Tafkin Chadi da geron Nijar.

Gabatarwa



A cikin darussan kimiyyar sakandare akwai guda biyu da malami kan shiga aji da su yana waiwaye. Na farko juyin halitta, wato bayanin yadda jinsunan masu rai ke sauyawa a tsawon zamani, da yadda suke da tushe ɗaya. Na biyu sauyin yanayi, wato ɗumamar da duniya ke yi sakamakon hayaƙin da ɗan Adam ke turawa sama. A tsakanin masana fannonin babu saɓani a kan ginshiƙan biyun. Saɓanin yana waje ne, a majalisu da kotuna da gidajen iyayen yara, kuma daga can yake biyo malami har gaban allo. Na ɗauki Amurka ne saboda babu ƙasar da ta ajiye tarihin wannan rigima a rubuce kamarta: hukunce-hukuncen kotu suna nan, alƙaluman bincike suna nan.

Daga Dayton zuwa Dover

A watan Yulin 1925 aka gurfanar da wani matashin malami, John Scopes, a garin Dayton na jihar Tenesi. Laifinsa shi ne karya dokar da jihar ta kafa a watan Maris na shekarar, wadda ta haramta koyar da cewa ɗan Adam ya samo asali daga wata halitta da ba ta kai shi ba. Aka ci shi tarar dala 100. Daga baya kotun sama ta soke tarar bisa wani dalili na ƙa'ida, amma dokar ta ci gaba da zamanta har 1967. Abin da ya fi tarar tasiri shi ne masu buga littattafan karatu sun sha jinin jikinsu, suka riƙa taƙaita babin ko su binne shi inda ba za a kai gare shi ba. Sai da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi a kan an bar ta a baya, sannan aka zuba kuɗi aka rubuta sababbin littattafan bayoloji da suka mayar da juyin halitta tsakiyar darasi.

A 1968 Kotun Ƙoli ta soke dokar hani ta jihar Akansas, a ƙarar da wata malama, Susan Epperson, ta shigar. Masu adawa suka sake dabara: tunda hanawa ta gagara, to a raba lokaci daidai tsakanin juyin halitta da abin da suka kira kimiyyar halittawa. Jihohin Akansas da Luwiziyana suka yi dokar haka a 1981, kuma a 1987 Kotun Ƙoli ta rushe ta Luwiziyana da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. A cikin wannan yanayi ne aka kafa Cibiyar Ilimin Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCSE, don ta tsaya wa malamai da iyayen da ke fama da irin wannan matsin lamba a garuruwansu.

Shari'ar da ta fi dacewa mu tsaya a kanta ita ce ta Dover, ƙaramin gari a jihar Pensilbaniya. A ƙarshen 2004 hukumar makarantun garin ta yanke cewa kafin a fara babin juyin halitta, a karanta wa ɗalibai wata gajeruwar sanarwa da ke cewa bayanin Darwin na juyin halitta yana da giɓi, kuma akwai wani bayani dabam, na ƙirar mai hikima, a cikin wani littafi mai suna Of Pandas and People da aka ajiye a makarantar. Malaman kimiyya suka ce ba da bakinsu ba. Sai shugabannin makarantar suka riƙa shiga aji da kansu suna karantawa. Iyaye goma sha ɗaya suka kai ƙara, aka yi mako shida ana sauraron shaidu.

A nan ne asiri ya tonu. Wata shaida, Barbara Forrest, ta bi tsofaffin rubuce-rubucen littafin tun kafin a buga shi, ta nuna wa kotu cewa asalinsa littafin kimiyyar halittawa ne, kuma bayan hukuncin 1987 aka bi shi ana goge sunan da kotu ta hana ana sa sabo, jimlolin kuwa suna nan yadda suke. Ran 20 ga Disamban 2005 alƙali John E. Jones ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa ƙirar mai hikima ba kimiyya ba ce, kuma koyar da ita a ajin kimiyya ya saɓa wa tsarin mulki. Shi wannan alƙali Shugaba George W. Bush ne ya naɗa shi, kuma mai zuwa coci ne. Ɗaya daga cikin manyan shaidun masu ƙara, masanin bayoloji Kenneth Miller, ɗan Katolika ne mai riƙo da addininsa. Na ambaci wannan ne saboda yawancinmu muna ɗauka faɗan tsakanin masu imani da mulhidai aka yi shi, alhali a ɗakin kotun nan masu imani suna ɓangarorin biyu. Tun kafin hukuncin ma mutanen garin sun kayar da 'yan hukumar takwas a zaɓe, daga baya kuma gundumar ta biya fiye da dala miliyan ɗaya na kuɗin shari'a.

Abin da kotu ba ta gani

Wanda ya bi hukunce-hukuncen nan sai ya zaci magana ta ƙare. Amma alƙali ba ya zama a aji. A 2007 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Pensilbaniya, Michael Berkman da Eric Plutzer, suka tambayi malaman bayoloji 926 abin da suke koyarwa a zahiri, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2011. Kashi 28 cikin ɗari ne suke koyar da juyin halitta ba tare da noƙe-noƙe ba. Kashi 13 suna tallata aƙidar halittawa ƙarara a ajin kimiyya. Sauran, kusan kashi 60, su ne na tsakiya. Ba su yi inkari ba, ba su kuma tsaya ba. Wani ya koyar da sauyin ƙananan ƙwayoyi ya tsallake na manyan jinsuna. Wani ya ce wa yara su haddace don jarrabawa kawai. Wani ya jera ra'ayoyi duka, ya ce kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa.

Marubutan sun ga cewa waɗannan na tsakiyar za su iya fin masu inkari ɓarna, kuma ina tare da su. Mai inkari ɗalibi ya san matsayinsa, zai iya auna maganarsa. Na tsakiya kuwa yana koya wa yaro, ba tare da ya furta ba, cewa hujjar da aka tara a shekaru fiye da 150 da ra'ayin mutum ɗaya duk nauyinsu ɗaya. Binciken ya kuma nuna inda gizo ke saƙa: malaman da suka yi cikakken kwas a kan juyin halitta a jami'a sun fi tsayawa a kan darasin. Yawancin masu kaucewa ba aƙida ce ta hana su ba, tsoron tambayar da ba za su iya amsawa ba ne. Da aka maimaita binciken a 2019, bayan jihohi da dama sun karɓi sabon ma'aunin koyar da kimiyya na 2013, malaman da ke gabatar da juyin halitta a matsayin tabbataccen ilimi sun tashi daga kashi 51 zuwa 67. Babu kotun da ta ba da wannan umarni. Manhaja da horo ne suka yi aikin.

Sauyin yanayi ya shigo layi

Ilimin ɗumamar duniya ba sabo ba ne. A 1859, shekarar da Darwin ya fitar da littafinsa, John Tyndall ya fara auna yadda iskar kabon da tururin ruwa ke riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius ya lissafa yadda ƙaruwar kabon za ta ɗumama duniya. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa a 1958, ya sami kabon kusan kashi 315 cikin miliyan a cikin iska. Yau ya haura 420, kafin zamanin masana'antu kuwa kusan 280 ne. A 2021 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce babu tantama ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya, da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Selshiyas.

Duk da haka aka ɗauko tsohuwar dabarar nan ta a ji ɓangarori biyu aka ɗora masa. Dokar da Luwiziyana ta yi a 2008 ta jera juyin halitta da ɗumamar duniya a cikin batutuwan da malami zai iya kawo littattafan waje don yi musu suka. Gwamnan da ya sa mata hannu, Bobby Jindal, bayoloji ya karanta a jami'a. Tenesi ta yi makamanciyarta a 2012, shekarar da NCSE ta ƙara sauyin yanayi a cikin aikinta. A 2017 Cibiyar Heartland ta fara aika wa malamai wani ɗan littafi kyauta mai cewa masana ba su daidaita ba, da niyyar kai wa malamai fiye da 200,000. A nan kotu ba ta da ta cewa, domin inkarin ɗumamar duniya ba addini ba ne, tsarin mulki bai taɓa shi ba. Ya rage daga malami sai saninsa. Binciken da Plutzer da abokan aikinsa suka buga a 2016, a kan malamai 1,500, ya gano cewa yawanci awa ɗaya zuwa biyu ake ba darasin a shekara, kusan kashi ɗaya bisa uku na malaman suna ba da saƙo mai harshen damo, kuma ƙasa da rabinsu ne suka san girman haɗuwar kan masana a kan batun.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Turkiyya ta cire juyin halitta daga manhajar sakandare a 2017, Indiya ta zare shi daga littafin aji goma a 2023, Italiya kuwa ta sanar a 2019 cewa za ta ware awa 33 a shekara ga sauyin yanayi da raya muhalli.

Me ya shafe mu

Hukunce-hukuncen Amurka ba za su yi mana aiki ba, kuma ba na kira a kwaikwaye su. Sun ginu ne a kan sashen tsarin mulkinsu da ya hana gwamnati fifita addini a makarantunta. Mu kuwa darasin addini yana cikin jadawalinmu da malaminsa da jarrabawarsa, kuma babu dokar da ta hana koyar da juyin halitta. Yana ma cikin manhajar bayoloji ta WAEC, da sunan Lamarck da na Darwin. Abin da muke tarayya da su a kai shi ne malamin tsakiya. Abin da na saba gani shi ne babin yana can ƙarshen manhajar ajin ƙarshe, ana isa gare shi a gurguje jarrabawa na ƙwanƙwasa ƙofa, malami ya rubuta ma'ana a allo, ya juyo ya ce wa yara, wannan dai kun san zancen Turawa ne, ku rubuta musu abin da suke so.

Ba aikin malamin kimiyya ba ne ya yi fatawa, kuma ba ya tilasta wa kowa imani. Maganar aƙida tana da malamanta. Amma akwai bambanci tsakanin barin ɗalibi da zuciyarsa, da gaya masa cewa abin da ke littafi ƙarya ne alhali ba a nuna masa hujjar ba. Amanar malami ita ce ya faɗi abin da kimiyya ta ce yadda ta faɗe shi. Kimiyya ba ta ce biri ya rikiɗe ya zama mutum ba. Ta ce mutum da birin cimfanzi suna da kaka ɗaya da ya rayu shekaru miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin ƙoƙon kan da ake kafa hujja da su, wanda aka laƙaba wa Toumaï, a hamadar Jurab ta Chadi aka tono shi a 2001. Wanda zai yi jayayya, ya yi da wannan. Yawancin gardamar da ake yi a zauruka ana yin ta ne da maganar da babu masanin da ya faɗa.

Kuma ba sai an fara da ƙoƙon kai ba. A fara da sikila, wadda kusan babu unguwar da ba ta taɓa ba. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da rukunin jini na AS, kuma ana ƙiyasin ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Ɗalibi mai kaifi zai tambaya: ƙwayar gadon da ke kashe yara, me ya hana ta ƙarewa? Amsar da Anthony Allison ya bayar a 1954 ita ce yaron da ke da AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda maleriya ta yi katutu, masu AS sun fi kaiwa ga girma su haihu, sai ƙwayar ta yawaita duk da asarar masu SS. Taswirar sikila da ta maleriya kusan sun kwanta a kan juna. Wannan shi ne zaɓin da muhalli ke yi, wanda Darwin ya bayyana, kuma yarinyar da ta fahimce shi ta fahimci dalilin gwajin jini kafin aure, ta san cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, ba wai yaro na huɗu ne zai kamu ba.

Sai kulorokwin. Manyan cikinmu sun tuna ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa. Yana aiki a da, ya daina. Ƙwayar maleriya mai jure masa ta ɓulla a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a 1978, kuma a 2005 Najeriya ta sauya shi da haɗin maganin ACT. Maganin bai lalace ba. Ya kashe masu rauni ne, masu juriya suka rage suka hayayyafa. Ɗalibin da zai zama ma'aikacin asibiti ko mai shagon magani, in bai gane wannan ba, ba zai ga illar sayar da rabin magani ga mai ƙaramin ƙarfi ba.

Daidai ya haɗa da rashin ƙari

A ɓangaren sauyin yanayi matsalarmu ta saɓa da ta Amurka. Manomin da ya ga damina na rikicewa ba ya buƙatar a rantse masa. Kuskurenmu ya fi karkata ga cakuɗawa da ƙarin gishiri. Ana yawan haɗa ɗumamar duniya da hujewar rufin ozon, alhali matsaloli biyu ne masu sababi dabam, kuma ta ozon tana warkewa tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Tafkin Chadi ne misalin da ya fi damuna. Kowane littafi da kowane jawabi na cewa ya ragu da kashi 90 saboda ɗumamar duniya, yana gab da ƙafewa. Gaskiya ne faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kuma ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. Amma tafki ne marar zurfi, mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, don haka yana kumbura yana tsukewa da sauri. Binciken tauraron ɗan Adam da aka buga a 2020 ya nuna cewa ba ya ci gaba da raguwa a shekarun baya-bayan nan. Shi kansa farin, masana sun danganta shi da sauyin zafin tekuna da kuma hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka. Malamin da ya ce tafkin na mutuwa, ranar da ɗalibinsa ɗan Baga ko Ngigmi ya ga ruwa ya cinye gonakinsu, ɗalibin zai yi watsi da darasin baki ɗaya, har da gaskiyar da ke ciki. Alhali akwai hujja mai ƙarfi a hannu: ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masanan da suka auna ta sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwan sama kusan sau 80.

Geron Nijar

Akwai bincike ɗaya da nake ganin ya kamata ya shiga littafin kowane ɗalibinmu, don ya haɗa fannonin biyu a gona ɗaya. A 1976 masana suka tattara irin gero daga ƙauyukan Nijar suka adana. A 2003 aka koma ƙauyukan aka sake tattarawa. Yves Vigouroux da abokan aikinsa suka shuka tsohon da sabon kusa da juna, suka buga sakamakon a 2011. Geron 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa ta fi gajarta, kuma ƙwayar gadon da ke da alaƙa da saurin furewa ta ƙaru a cikinsa. Manoman ba su watsar da irin kakanninsu sun ɗauki na waje ba. Sunayen irin da suke shukawa yawanci ba su sauya ba. Abin da ya faru shi ne a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, geron da ya riga nuna shi ne ya kai rumbu, daga cikinsa kuma manomi ya ware zangarniyar iri. Cikin shekara 27 jinsin ya sauya.

Malamin da ke da wannan a hannu zai iya aika yara gida su tambayi kakanninsu kwana nawa gero ke yi a da, kwana nawa yake yi yanzu, su kawo zangarniya iri-iri a auna a aji. Amma sai shi ya sani tukuna. Shi ya sa roƙona ga kwalejojin ilimi da sassan ilimin kimiyya na jami'o'inmu shi ne kada a yaye malamin bayoloji ko labarin ƙasa ba tare da cikakken kwas a kan waɗannan fannoni biyu ba, har da zaman gwaji inda za a jefa masa tambayoyin da ɗalibai da iyaye ke yi, ya koyi amsa su ba tare da faɗa ko gudu ba. Masu tsara manhaja su ɗago babin juyin halitta daga ƙarshen ajin ƙarshe su haɗa shi da na gado da na cututtuka. Masu tsara jarrabawa kuma su rage tambayar wane ne ya ce me a wace shekara, su tambayi yaro me ya sa kulorokwin ya daina aiki.